Haƙƙin Tsuntsu a Kan Sheƙarsa Lokacin Damina

 A makon jiya mun alkawarta za mu ci gaba da bayanin zakkar dukiyar ciniki. Muna neman ahuwa, domin wani abu da muka gani da idonmu ya tilasta mana jinkirta wannan magana.

Ran Talatar da ta wuce wata 'yar hidima ta kai mu wata ma'aikata, ba sai mun faɗi sunanta ba. A farfajiyarta akwai wata tsohuwar tsamiya wadda shekara da shekaru shamuwa da balbela suke yin sheƙa a kanta kowace damina. Muka tarar an kwantar da ita da zarton inji, leburori suna ta daddatsa rassanta. A ƙasa ga sheƙuna a tarwatse, ga fasassun ƙwai, ga 'ya'yan tsuntsaye waɗanda ko gashi bai gama rufe su ba, waɗansu sun mutu, waɗansu suna ɗan motsi, yara suna tsinta. Iyayen kuwa suna ta kewaya sararin da tsamiyar take a da, sun rasa inda za su sauka. Muka ce wa mai gadi, "Baba, me tsamiyar nan ta yi?" Ya ce, "Wallahi Malam, kashin tsuntsu ne yake ɓata motocin manya, shi ne aka ba da oda."

Wanda ya ba da wannan oda Musulmi ne mai salla, kuma muna kyautata masa zato cewa bai ɗauki abin da ya aikata a bakin laifi ba. To, wannan rashin ɗauka shi ne abin da ya dame mu. Da yawa daga cikinmu mun san haƙƙin maƙwabci da na abokin ciniki, amma ba mu taɓa jin cewa tsuntsuwar da take kwanci a kan ƙwanta tana da wani haƙƙi a wuyanmu ba.

Bari mu fara da ita shamuwar, mu ga ko wace ce wannan baƙuwa da aka rushe wa gida. Ba ta shekara tare da mu. Idan kaka ta yi, wajen watan Oktoba zuwa Nuwamba, sai ta tashi ta nufi gabas da kudancin Afirka, ƙasashe irin su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, inda a lokacin ne tasu daminar take kamawa. Can take cin fara da tsutsa har ruwansu ya ɗauke. Sa'an nan ta juyo, ta yi tafiyar dubban kilomitoci, ta iso mana cikin bazara, watau Afrilu zuwa Mayu, gab da faɗuwar ruwan farko. Abin lura shi ne, duk wannan yawo da take yi, a can kiwo kawai take zuwa. Ƙwai da ƙyanƙyasa sai a nan yankinmu na Sahel, tun daga Senegal har gaɓar Bahar Maliya. Kuma ta fi son ta yi sheƙarta cikin gari, a kan kuka ko tsamiya ko rimi, wani lokaci ma har a kan rufin ɗaki, domin ta saba tun zamanin kakanni cewa mutanen ƙasar nan ba sa taɓa ta. Amana ce ta daɗe a tsakani.

Ita da mijinta suke tara itatuwa su ɗinke sheƙa. Takan saka ƙwai biyu ko uku, su riƙa karɓeɓeniyar kwanci har kimanin kwana 30. Idan an ƙyanƙyashe, sai 'ya'yan sun yi kusan wata biyu ana ɗauko musu abinci kafin su iya tashi. Duka-duka dai wata uku ne, daga ƙwai zuwa fiffike. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, domin za mu komo kansa.

A nan akwai wani ɗan gyara da ya kamata mu yi. Mutanenmu na karkara sukan ce shamuwa ce take kawo ruwa, waɗansu ma har suna tsoron wanda ya taɓa ta wata musiba za ta same shi. Kiyaye ta da suke yi abu ne mai kyau, amma dalilin yana bukatar gyara. Imamu Malik da Buhari da Muslim duk sun kawo hadisin Zaidu ɗan Khalid, inda bayan an kwana ana ruwa a Hudaibiyya, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bambanta tsakanin wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah da wanda ya jingina shi ga wani tauraro. Shamuwa ba ta kawo ruwa, bin ruwa take yi. Manomin da ya gan ta ya ce lokacin gyaran gona ya yi, bai yi laifi ba, alama ce ya karanta kamar yadda ake karanta hadari. Amma mai saukar da ruwa Ɗaya ne.

Me ya sa galibin tsuntsayenmu suke jiran damina kafin su hayayyafa? Amsar tana cikin abinci. Ɗan tsuntsu yana girma da sauri ƙwarai, tsaba kaɗai ba ta isarsa, sai an haɗa masa da nama mai taushi. Da zarar ruwa ya sauka sai shinge ya fito, ciyawa ta tofo, tsutsa da fara su yawaita, kwaɗi su cika kududdufai. Hatta tsuntsayen da a sauran shekara hatsi ne abincinsu, a wannan lokaci ƙwari suke kama wa 'ya'yansu. Ba dukansu ne suke bin wannan tsari ba. Ungulu cikin rani take nata, kurciya kuwa ba ta da lokaci, kusan duk shekara tana cikin hidima, tana ciyar da 'yan shilarta da wani farin abu mai kauri kamar kindirmo wanda uwa da uba duka suke fitarwa daga maƙogwaro. Haka kuma a daidai lokacin da shamuwa take isowa, baƙin da suka yi rani tare da mu a fadamun Haɗejiya da Nguru, su agwagin ruwa da sauransu, suke ƙetare Sahara su koma Turai don su yi tasu haihuwar cikin watannin zafi na can. Kowanne da lokacinsa da wurinsa.

Allah ya gaya mana a cikin Suratul An'am, aya ta 38, cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye masu tashi da fikafikansu al'ummomi ne kamarmu. A Suratun Nur kuma, aya ta 41, ya ambaci tasbihinsu. Wanda yake son ya ga ma'anar kalmar al'umma a nan, to, ya ɗan zauna gindin itacen da tsuntsayen nan masaƙa suka mamaye, masu ruwan ɗorawa da baƙin kai. Namiji shi ne magini. Yakan tsago ɗanyen ganyen ciyawa ko na giginya, ya ɗaure a ƙarshen reshe, ya saƙa ɗaki mai ƙofa ta ƙasa da bakinsa da ƙafafunsa kawai. In ya gama sai ya rataya a jikinsa yana kaɗa fikafikai yana kiran mace. Ita kuma ta zo ta shiga ta duba. Idan saƙar ba ta yi mata ba sai ta kama gabanta, shi kuma in ɗakin ya bushe ba wadda ta karɓa, ya kwance shi ya sake sabo. Ba mu taɓa ganin ya kai ƙararta wurin waliyyi ba.

Amma tsuntsun da muke so iyaye su fi lura da labarinsa shi ne cilakowa. Idan damina ta kama, macen takan nemi kogon itace ta shiga. Sa'an nan a liƙe ƙofar kogon da laka da kashi da guntayen abinci, ba a barin komai sai wata 'yar siririyar tsaga daidai shigar baki. A ciki za ta saka ƙwai, a ciki za ta yi kwanci, kuma a wannan zama ne gashin fikafikanta da na bindinta yake zubewa, har ta zama ko an buɗe mata ba za ta iya tashi ba. Hikimar wannan kulle ita ce maciji da biri da sauran maɓarnata ba su da hanyar shiga. Amma fa duk tsawon makonnin nan abincinta da na 'ya'yanta yana wuyan namijin. Shi zai wuni yana kai da kawowa, fara ɗaya, tsutsa ɗaya, yana miƙawa ta tsagar nan. Sai 'ya'yan sun yi wayo, sabon gashi ya fito mata, sa'an nan ta fasa ƙofar ta fito ta taya shi, 'ya'yan kuma su sake liƙe ƙofar da kansu.

To, yaron da ya ɗauki danƙo cikin watan Yuli ko Agusta ya harbo namijin cilakowa a kan reshe, ba tsuntsu ɗaya ya kashe ba. Akwai uwa da 'ya'ya a kulle cikin kogo suna jiran mai kawo abinci, ba kuwa zai zo ba. Yunwa ce za ta kashe su sannu a hankali. Yaron bai sani ba, kuma alƙalami bai hau kansa ba. Amma uban da ya gan shi da danƙon ya yi shiru, da ɗan tiredan da ya rataye danƙon a rumfarsa yana sayarwa, su sun san abin da ake yi da shi.

Shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mugaffal cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana jifa da tsakuwa, ya kuma bayyana cewa ba ta farauta ba ta maganin abokin gaba, iyakarta ta fasa ido ko ta karya haƙori. Duk malamin asibitin da ya taɓa aiki a sashen ido zai ba da shaidar haka. Har wa yau su biyun sun kawo labarin Abdullahi ɗan Umar, da ya wuce waɗansu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, da suka hango shi suka watse, ya sanar da su cewa an la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. Nasa'i kuma ya ruwaito cewa wanda ya kashe ko da ɗan ƙaramin tsuntsu ne ba da haƙƙinsa ba, za a tambaye shi ranar alƙiyama, haƙƙin kuwa shi ne a yanka shi a ci.

Kada wani ya fahimci cewa cin naman tsuntsu haramun ne. A mazhabarmu ta Malikiyya ƙofar ma a yalwace take. Sai dai Ibn Abi Zaid ya rarrabe a cikin Risala tsakanin farauta don bukata, wadda ta halatta, da farauta don wasa, wadda aka ƙi. Sa'an nan akwai wani hukunci da yawancin iyaye ba su sani ba. Tsuntsun da dutsen danƙo ya buge ya mutu kafin a kai ga yanka shi, mushe ne, domin nauyin dutsen ne ya kashe shi ba kaifi ba, kuma abin da ya mutu da bugu yana cikin waɗanda aka lissafa a aya ta 3 ta Suratul Ma'ida. Ke nan yaran da suke gasa abin da suka harbo a bayan gari, sau da yawa mushe suke ci.

Dangane da ɗiban 'ya'ya daga sheƙa kuwa, akwai nassi a kansa kai tsaye. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa suna cikin wata tafiya tare da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ɗan kauce don wata bukata. Suka ga wata 'yar tsuntsuwa da 'ya'yanta biyu, suka ɗauke 'ya'yan. Uwar ta zo tana ta shimfiɗa fikafikai tana kaɗawa a kansu. Da ya komo ya gan ta, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali a kan 'ya'yanta, ya yi umurni a mayar mata da su. A lura, ba a kan an ci haramun ya yi magana ba, domin ba a kai ga ci ba. A kan baƙin cikin uwar ya yi magana. Mun tuna da wannan hadisi ran Talatar nan muna kallon shamuwoyin da suke kewaya sama, sai dai su ba inda za a mayar musu da nasu.

Wani ma'aikaci zai ce, to, Malam, shi ke nan sai mu bar tsuntsaye su kore mu daga ofis? Ba mu ce haka ba. Kashin balbela yana da wari, yana ɓata fenti, wani lokaci kuma itace yakan tsufa har ya zama haɗari ga gini. Abin da muke cewa shi ne a duba lokaci. Mu koma ga lissafinmu na baya: wata uku. Da an yi haƙuri zuwa Oktoba, da kowane ɗan tsuntsu ya tashi, da sai a rage rassan ko ma a sare itacen in ya zama dole, ba a kashe rai ko ɗaya ba. Kafin nan kuwa ba abin da ake bukata illa a gusar da motoci huɗu ko biyar zuwa wancan gefen farfajiya. Masu tarihi sun kawo labarin Amru ɗan Asi lokacin buɗe Masar a zamanin halifancin Sayyadina Umar. Da ya tashi zai nufi Iskandariyya a shekarar 641, aka zo kwance tantinsa sai aka tarar wata kurciya ta yi ƙwai a samansa. Ya ce a bar tantin a kafe har ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta su tashi. A wurin nan ne daga baya aka kafa birnin Fusɗaɗ, wanda yanzu yake cikin tsohuwar Alƙahira. Wannan labarin tarihi ne, ba hadisi ba, ba a gina hukunci a kansa. Amma ya nuna mana irin abin da Musulmin farko suke ganin ya dace a yabi shugaba da shi. Kwamandan yaƙi ya bar wa kurciya tantinsa, mu kuwa wurin ajiye mota ya gagare mu.

Akwai tambaya mafi nauyi, kuma ba za mu kauce mata ba. Manomin Borno ko Yobe ko Jigawa ko Kebbi zai ce, yaya batun jan baki? Su ma cikin damina suke haihuwa, a dazukan ƙaya, sheƙa dubu bisa dubu a wuri guda. Kwancinsu bai fi kwana 10 zuwa 12 ba, bayan kamar mako biyu 'ya'yan sun fita, sa'an nan su taso kamar hadari su sauka a gonar gero ko dawa ko shinkafa, kafin magariba wahalar shekara ta tafi. A nan hukunci ya sauya. Kawar da cuta ƙa'ida ce tabbatacciya a shari'a, kuma Annabi da kansa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi izinin kashe waɗansu maɓarnata biyar ko da a cikin Harami, daga cikinsu har da tsuntsaye biyu, hankaka da shirwa. Saboda haka manomi ya kori jan baki, hukuma ta yaƙe su, babu laifi. Amma lalura ana auna ta da gwargwadonta. Maganin da ake fesawa da jirgin sama ba ya tambayar sunan tsuntsu, yana kashe mai laifi da marar laifi, har da shaho da sauran masu cin gawar waɗanda suka mutu, kuma mutumin da ya tsinci waɗannan tsuntsaye ya kai kasuwa ya sayar wa mutane guba. Ma'aikatan gona da aka ɗora wa wannan aiki su san cewa amana biyu ce a hannunsu. A ƙasar Cadi akwai masu kama su da raga da dare, a gyara a soya a sayar a kasuwa, ɓarna ta koma abinci. Muna ganin wannan ya fi kusa da ruhin shari'a duk inda zai yiwu, muddin an kiyaye yanka. Ɗan abin da tsuntsu ya tsattsaga a gona kuwa ba tare da ya kai ga ɓarna ba, manomi ya tuna hadisin Anas cewa abin da tsuntsu ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi.

Tun da mun ambaci hankaka, bari mu wanke shi daga wani zargi. Hausawa suna cewa hankaka mai da ɗan wani naka, har yara suka tashi da imanin cewa ba ya ƙwai, na wasu yake sata ya ƙyanƙyashe. Gaskiyar magana yana yin sheƙarsa, macensa tana saka ƙwanta. Abin da yake faruwa shi ne, akwai wani tsuntsu mai dogon bindi da ɗigo-ɗigon fari a fikafikai, wanda ba ya gina sheƙa ko kaɗan, sai ya faki idon hankaka ya saka masa ƙwai a cikin tasa. Hankaka ya ƙyanƙyashe ya yi ta reno. Ashe kakanninmu sun ga daidai da suka ga ɗan wani a gidansa, sai dai shi aka cuta.

Saura kalma ɗaya ga 'yan kasuwa masu cinikin tsuntsaye. Ajiye tsuntsu a keji ya halatta idan ana ba shi ci da sha, malamai sun ciro wannan daga labarin ƙanen Anas, Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Annabi kuma ya riƙa tambayarsa labarinsa. Amma mai saye ya tambayi kansa ta yaya tsuntsun ya zo hannun dillali. Gauraka misali ce. Cikin damina take yin sheƙa a ƙasa, tsakiyar ciyawar fadama, saboda haka ɗiban 'ya'yanta ba wuya. Aka yi ta ɗiba ana kai wa masu hali suna ƙawata gidajensu, aka kuma nome fadamun, har ya zama tsuntsun da dattawanmu suka saba gani garke-garke yana rawa a bakin tabki, yau da ƙyar ake ganinsa a dajin Nijeriya. Wanda aka kawo wa ɗan tsuntsun daji tsakanin Yuni da Satumba, gashinsa bai gama fitowa ba, to, ya sani daga ƙarƙashin uwa aka ɗauko shi, kuma kuɗin da ya miƙa shi ne zai sake tura yaron daji gobe.

Mun sake bi ta ma'aikatar nan jiya. An kwashe itacen, an share wurin. Mai gadi ya ce mana akwai waɗansu shamuwoyi biyu da suke zuwa kullum da yamma su tsaya a kan tankin ruwa. In Allah ya kai mu mako mai zuwa za mu koma kan zakkar dukiyar ciniki, daga inda muka tsaya a batun bashin da ake bin ɗan kasuwa.